Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Sarkin da Ya Keɓe wa Ganyen Filasko Risala

 

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ya bi layin masu magani a kasuwar Kaura Namoda ko ta Zurmi, da wuya ya rasa ganin busasshen ganyen filasko a tsakanin ƙullin sabara da sassaƙen marke da garin hulba. Iyayenmu mata sun san shi, don shi ake jiƙa wa wanda cikinsa ya ɗaure. Ganye ne mai araha, ba a kuma yi masa kallon wani abin a zo a gani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kusan shekara 200 da suka wuce, mutumin da ke riƙe da daula mafi faɗi a wannan yanki na Afirka ya zauna ya rubuta risala sukutum a kan wannan ganye shi kaɗai. Mutumin kuwa shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansu da rahama. An saba ba da tarihinsa ta fuskar yaƙi da mulki. Mu a yau ta ƙofar magani za mu shiga, domin a can ake ganin wani hali nasa da gidajenmu ke bukata: ya ɗauki sanin ganye ilimi ne mai asali da ma'auni da iyaka, wanda ake rubutawa, ake kuma tambayar mai shi a kansa.

An haifi Bello a shekarar 1195 bayan Hijira, daidai da 1781 Miladiyya, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir, a gidan da karatu ya zama abincin yau da kullum ga maza da mata. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa, ya kuma daɗe a gaban baffansa Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya gogar da shi a Larabci da nahawu da sauran fannonin da almajiri ke bukata kafin a kira shi malami. Malaman wancan gida ba su ware ilimin ɗibbu daga ilimin addini ba. Sun gaji ra'ayin Imamu Gazali, wanda a cikin Ihya'u ya lissafa aikin likita cikin farillan kifaya, wato aikin da idan gari ya rasa mai yin sa, laifin ya hau kan kowa. Shi kansa Shehu Abdullahi yana da littafi mai suna Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki a wuri ɗaya.

Zamfara kuwa ba baƙuwar ƙasa ba ce ga wannan gida. Bello yana yaro ƙarami Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a cikinta, kuma da yawa daga mutanen da suka amsa kiransa tun farko daga nan suka fito.

A watan Fabrairu na 1804 jama'a ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu, Bello yana ɗan shekara 23. Abin da ya biyo baya sananne ne: nasarar Tafkin Kwatto a tsakiyar shekarar, sannan mummunar asarar Tsuntsuwa a ƙarshenta, inda aka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Abin da masu ba da labari kan tsallake shi ne yunwa. Jama'a ta yi ta ƙaura da mata da yara da dabbobi, babu gona babu rumbu, har a 1805 neman abinci ya kai ta Sabon Gari a ƙasar Zamfara, kafin ta koma Gwandu. Wanda ya ga irin wannan zama ya san cewa ciwon ciki da zazzaɓi da raunin da ya ruɓe suna ɗaukar rai kamar yadda mashi ke ɗauka, wani lokaci ma fiye. Muna ganin duk mai son fahimtar dalilin da ya sa wannan jarumi ya ƙare da rubuta littattafan magani, daga waɗannan shekaru ya kamata ya fara dubawa.

A ƙasar Zamfara ɗin dai, a Birnin Gada, Bello ya gana da shugabannin jama'a na ƙasashen gabas a madadin mahaifinsa, ya karɓi mubaya'arsu. A 1806 Muhammadu Namoda, jagoran Fulanin Alibawa, wanda garin Kaura Namoda ke ɗauke da sunansa har yau, ya karya rundunar abokan gaba a Fafara kusa da Zurmi. A watan Oktoba na 1808 Bello ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, arewa da Isa da Shinkafi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Namoda yana cikin manyan da suka riƙe ɓangarorin wannan runduna. Bai daɗe ba bayan haka ya rasa ransa a Kiyawa. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato, a 1812 ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har gobe shi ne madogarar masu nazarin tarihin jihadi. Da Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, shi aka yi wa mubaya'a.

Sarautar ba ta zo masa da sauƙi ba. Tun a shekarar farko Abdussalami ya yi tawaye a Kware, sassan Zamfara da Gobir da Kabi suka juya baya, har tsakaninsa da baffansa Abdullahi sai da aka sami sanyin zumunci na ɗan lokaci, wanda ya warware a Kalambaina. Kusan duk shekara ashirin ɗin da ya yi a kan mulki yana fita yaƙi, kuma zuriyar waɗanda ya yaƙa suna da nasu labarin wancan zamani, ba lalle ya yi daidai da na marubutan Sakkwato ba. Abin mamakin shi ne yawan abin da ya rubuta a tsakiyar wannan hargitsi, littattafai da risaloli fiye da 100, a fiƙihu da tarihi da tasawwufi da siyasa da magani.

Ga wanda ke ganin maganar magani ba aikin sarki ba ce, sai ya duba Usulus Siyasa, risalar da Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A cikin ginshiƙan mulkin da ya lissafa masa akwai cewa wajibi ne shugaba ya raya masu sana'o'in da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya kuma ambaci masu magani a cikinsu, sannan ya nemi a rarraba su ga kowane ƙauye da kowace unguwa. Wato a wurinsa ƙauyen da ba shi da mai magani, gibi ne a mulki, kuma sarki za a tambaya.

Rubuce-rubucensa na ɗibbu iri biyu ne. Akwai masu faɗi, kamar Al-Mawaridun Nabawiyya da Ujalatur Rakib, waɗanda ke tattara abin da ya zo a hadisi da maganganun magabata a kan lafiya da cuta. Akwai kuma gajerun risaloli da kowace ta ɗauki matsala guda ta bi ta: Masugul Lujaini a kan ciwon ido, Al-Ƙaulul Mansur a kan basir, Tanbihul Ikhwan a kan tsutsar ciki. A duba wannan jeri da kyau. Ido, basir, tsutsa, ɗaurewar ciki: cututtukan talaka ne, irin waɗanda har yau su ne ke kai mutanen karkara wurin 'yar mai ganye. Bai zaɓi abin da zai burge malaman Misira ba, ya zaɓi abin da ke damun mutanen da ke ƙofar gidansa. Cikin waɗannan gajeru ne risalar filasko take, wadda aka fi sani da Al-Ƙaulus Sana, kuma cikakken sunanta yana nuna abin da ta ƙunsa: hanyoyin tausasa ciki da wanke shi da ganyen da Larabawa ke kira sana.

Me ya sa wannan ganye ya sami irin wannan matsayi? Asalin abin hadisi ne. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi Asma'u 'yar Umais da me take wanke ciki, ta ambaci wani tsiro mai suna shubrum, sai ya nuna mata cewa yana da zafi mai tsanani. Da ta koma ga sana, ya yabe shi yabo mai girma, har ya nuna cewa da akwai abin da ke maganin mutuwa da shi ne. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma akwai wata a Ibnu Majah da ke umarni da riƙon sana, wadda wasu daga cikinsu suka inganta. Ɗalibi ya lura da abu ɗaya a cikin labarin Asma'u: tsire-tsire biyu ne, duka suna sa gudawa, duka ganye ne na Allah, amma an hana ɗaya an yarda da ɗaya. Shubrum dangin tinya ne da aguwa, masu farin ƙaro kamar nono, kuma duk Bahaushen karkara ya san abin da ruwan tinya ke yi wa fata da ido, balle hanji. Ashe tun daga tushe, kasancewar abu tsiro bai isa ya sa a sha shi ba.

Malaman da suka zo bayan haka ba su tsaya ga yabo ba, sun shiga awo. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya bayyana a Zadul Ma'ad cewa mafi kyawun sana shi ne na Makka, cewa shan ruwan dafaffensa ya fi shan garinsa, ya faɗi adadin dirhamin da ake sha, ya kuma ba da shawarar a dafa shi da furen banafsaji da jan zabibi da aka cire wa ƙwallo. Kafinsa Ar-Razi da Ibnul Baiɗar sun yi bayaninsa. Shi Ibnul Baiɗar, mutumin Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tattara magunguna kimanin 1,400 a kundinsa. Ta hannun likitocin ƙasashen Musulmi ganyen ya shiga Turai, shi ya sa har yau sunansa a harsunansu daga kalmar Larabci ya samo asali. Wannan shi ne kogin da Bello ya ɗebo daga cikinsa. Gudummawarsa ita ce ya kawo wannan ilimi ƙasar da ganyen ke tsirowa a bayan gari, ya mai da shi gajeriyar takarda da malamin ƙauye zai iya kwafa ya karanta wa jama'a.

Yanzu bari mu tsallaka zuwa abin da Bello bai da hanyar gani, wato abin da ke cikin ganyen. Abin sha'awa ne cewa a zamaninsa aka fara wannan aiki a wata nahiya. A daidai shekarun hijirar Gudu, wani matashi mai haɗa magunguna a Jamus, Friedrich Sertürner, ya ware sinadarin mofin daga ƙaron tsiron ofiyom. A 1820, Bello yana shekara ta uku a kan mulki, Pelletier da Caventou suka ware kwinin daga sassaƙen itacen sinkona a Faransa. Daga nan aka gane cewa ƙarfin kowane tsiron magani yana komawa ne ga wasu sinadarai ƙayyadaddu, waɗanda ake iya tsamowa, a auna, a san yawansu. Na filasko sun jira har shekarun 1940, lokacin da Arthur Stoll da abokan aikinsa a birnin Basel na ƙasar Suwizalan suka ware biyu daga cikinsu, suka sa musu suna senosaid A da senosaid B.

Yadda suke aiki akwai abin lura. Kowane senosaid yana ɗauke da sukari a manne da shi, kuma wannan sukari ne ke hana tumbi da ƙaramin hanji su tsotse shi. Haka zai wuce lafiya lau har babban hanji. A can ne ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikinmu ke cire sukarin, su raba sinadarin gida biyu, sai wani sinadari mai ƙarfi ya fito, wanda ke yin aiki biyu: yana zaburar da bangon hanji ya riƙa matsawa, yana kuma sa ruwa ya taru a cikin hanji maimakon jiki ya shanye shi. Shi ya sa filasko ba ya aiki nan take. Yakan ɗauki awa 6 zuwa 12, kuma wanda ya sha da dare da safe yake ganin sakamako. Murɗawar cikin da ke biyo baya ma daga wannan zaburarwa take. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanya maganin a ganye, Ya sanya mabuɗinsa a cikin hanjin mai sha. A yau sana yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ana kuma sayar da shi ƙwaya-ƙwaya a kantunan magani. Kaɗan ne daga magungunan da ke cikin littattafan da suka tsallake gwajin zamani da irin wannan daraja.

Sai dai a nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Busasshen ganyen sana mai kyau yana ɗauke da senosaid kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa. Abin da likitocin yau suka ƙayyade wa baligi bai wuce miligiram 30 a yini ba, wato abin da ke cikin ganye giram ɗaya zuwa biyu, ɗan abin da yatsu uku za su ɗiba. Awon da Ibnul Ƙayyim ya ambata kuwa dirhami uku ne, kusan giram tara, ninki da yawa ke nan. Ba kuskure ya yi ba a ma'aunin zamaninsa. Likitocin da suna nufin wankin ciki mai ƙarfi ne na lokaci ɗaya, bisa fahimtarsu cewa cuta tana zuwa daga rinjayar ɗaya daga ruwayen jiki huɗu, wanda sai an fitar da shi. Wannan fahimta ta Girkawa ce da likitocin Musulmi suka gada, ba wahayi ba ce, kuma binciken baya ya bar ta. Saboda haka wanda ya ɗauko awo daga tsohon littafi ya ɗura wa yaro, yana cewa ai sunna ce, ya haɗa abu biyu da malaman kansu suka raba: yabon ganyen daga hadisi yake, awon kuwa ijtihadin likitoci ne. Ƙari a kan haka, filaskon da ke tsirowa a dajinmu ɗan'uwan sanan Makka ne, ba shi ne ainihinsa ba, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ko a iri ɗaya, yawan sinadarin yana sauyawa da ƙasar da ya tsiro, da lokacin da aka tsinke shi, da yadda aka shanya shi, da daɗewarsa a buhu. Tafin hannu guda na wannan mai ganye ba daidai yake da tafin hannu guda na waccan ba.

Wannan magana ba ta malaman jami'a kaɗai ba ce. A shekarun nan da hanyoyin Kaura da Shinkafi da Zurmi suka zama abin fargaba saboda 'yan bindiga, ƙananan asibitocin karkara da yawa suka daina aiki, gidaje da dama sun koma ga jiƙo da tsimi, ba don sun raina likita ba sai don ba su iya kai wa gare shi. To a irin wannan hali sanin iyakar ganye yana iya zama bambancin rai da mutuwa. Wanda cikinsa ke ciwo mai tsanani ba a san dalili ba, musamman in da zazzaɓi ko amai ko kumburi, ba a ba shi filasko, domin idan afendis ne, ko taifot ta ci hanji, ko hanjin ya toshe, zaburar da shi na iya fasa shi. Yaron da gudawa ko tamowa ta riga ta tsotse, ƙarin gudawa kashe shi take yi. Mai juna biyu sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Mai shan sa kullum kuma yana zubar da gishirin fotasiyam daga jikinsa, wanda bugun zuciya ke dogara da shi, shi ya sa ba a son a wuce mako ɗaya zuwa biyu ana sha. Mun san kuma yadda kalmar basir ta zama buhun da ake zuba kowace cuta a ƙasar Hausa, daga ciwon baya har kasalar namiji, da yadda masu lasifika a tasha ke sayar da gora ɗaya mai maganin cuta arba'in, wani lokaci da sunan maganin Musulunci. Yawancin abin da mai saye ke ji ya yi masa aiki, gudawa ce kawai. Bello da ya rubuta a kan basir, risala daban ya yi masa, ya yi wa tsutsa tata, ya yi wa ido tasa. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ma ya rataya waraka ne, da izinin Allah, ga dacewar magani da cutar. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah kuma sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ta auku.

Sauran ganyayen da muka saba da su ma kowane da nasa sinadarin. Jan lalle daga wani sinadari ne mai suna loson, wanda ke kama furotin ɗin fata da farce. Ɗacin baurin da ake ji a sabara da marke na tanin ne, mai tsuke nama, kuma shi ya sa ake neman su ga gudawa, akasin aikin filasko. Tafasa da rai ɗore 'yan gida ɗaya ne da filasko, amma ana cin ganyen tafasa kwaɗo, alhali ɗanyen ƙwayar rai ɗore guba ce ga dabba da yaro. Zaƙami yana ɗauke da atirofin da hayosin, waɗanda likitoci ke amfani da su da awon miligiram, su ne kuma ke haukata samarin da ke jiƙa shi a wurin biki. Daga wani tsiro dangin tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ware atimisinin a 1972, bayan ta koma ga wani tsohon littafin likitancin ƙasarsu ta sami haske a kan yadda ake jiƙa shi ba tare da zafi ya lalata shi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaranmu yau daga nan ya fito, ita kuma ta sami kyautar Nobel a 2015. Ɗalibanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, da na jami'o'in Gusau da Sakkwato da Zariya, waɗanda ke jiƙa ganye a ɗakin gwaji suna neman tanin da alkaloyid, suna da tsofaffin littattafai irin wannan a kusa da su. Kwafe-kwafen rubutun malaman Sakkwato suna ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Abin takaici, mai Larabcin karanta su sau da yawa bai san ɗakin gwaji ba, mai ɗakin gwajin kuma bai iya karanta su ba.

Mu koma ga mai tarihin. Akwai shaida daga baƙo a kan yadda Bello yake da ƙishin ilimin da ba na gidansu ba. A watan Maris na 1824 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, bayan abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, ya rasu a hanya kusa da Katagum. Ya tarar da sarki mai tambaya a kan taurari da ƙungiyoyin Kirista na da da siyasar Turai, har wasu tambayoyin suka fi ƙarfinsa. Cikin abin da Bello ya nema daga Sarkin Ingila akwai a aiko masa da wakili da kuma likita su zauna a ƙasarsa. A lura: mutumin da ya rubuta littattafai a kan maganin Annabi shi ne ke neman likita daga ƙasar da ba ta Musulmi ba, bai kuma ga karo a tsakanin biyun ba. Clapperton ya koma ta Zurmi da Katsina. Da ya dawo a 1826 ya kawo masa littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, Bello ya yi murna ƙwarai, domin kwafin da gidansu ke da shi, wanda wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, ya ƙone a gobara. Likitan da aka turo kuwa bai iso ba, ya ɓace a hanya daga bakin teku. Tafiyar ta biyu ba ta yi daɗi ba, don ta faɗo a lokacin yaƙi da Borno, kuma Clapperton kansa ya kwanta ciwo ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

A shekarunsa na ƙarshe Bello ya fi zama a Wurno, ribaɗin da ya gina a arewa maso gabashin Sakkwato don tsare iyaka, yana zaunar da makiyaya a garuruwa, yana ƙarfafa noma da sana'a. Marubutan zamaninsa sun shaide shi da cewa daga guminsa yake ci, ba ya taɓa baitulmali don bukatar kansa. A wannan lokaci ne Alhaji Umaru Futi ya zauna a wurinsa shekaru a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, har ya auri 'yarsa. A 1836 ya fita babban yaƙinsa na ƙarshe, ya yi nasara a Gawakuke a kan haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye.

Bayan haka ciwo ya kama shi, ya yi jinya ta watanni. Ya rasu a Wurno ranar Alhamis, 25 ga Rajab 1253, daidai da 26 ga Oktoba 1837, yana da shekara 58 a lissafin Hijira, aka binne shi a can, inda kabarinsa yake har yau. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Wazirinsa kuma amininsa, Giɗaɗo ɗan Laima, ya rubuta littafi a kan halayensa, ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, kuma shekara biyu bayan rasuwarsa ta rubuta nata littafin, Tabshirul Ikhwan, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo da aminci ƙasar Zamfara.